Ginin da Ruwan Shuka Ya Riska

A kakar da ta biyo bayan sauke tutar Faransa, maigidana ya yi faɗa da wansa a kan rabon gyaɗa. Muna zaune a Agiye, gida ɗaya, gandu ɗaya, kuma wan nasa, Yaya, shi ne ke riƙe da rumbu. Faɗan bai kai ya kawo ba, amma maigidana mutum ne mai saurin baki. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce damina ba za ta sake samun sa a gidan ba. Nasa zai gina, kuma na soro, ba ɗaki mai jinka irin wanda muke ciki ba. Yaya ya sa takalmansa ya wuce gida. Ni da aka kawo mini labari, surfena na ci gaba da yi.

Fili bai ba da wuya ba. Ya kai goro wurin mai gari, aka nuna masa fegi a bakin hanyar mota. Da a da ne, magana ta ƙare. Amma an shigo da sabon tsari: mai son gini kusa da hanya sai ya je buro, ofishin gwamnati, neman izini, kuma ba a haƙa tushe sai mai awo ya zo ya kafa turaku. Mai awo ɗaya ne, garuruwa da yawa.

Da magini kuwa, wani dattijo na unguwarmu, an yi yarjejeniya da baki, gaban shaidu.

"Na yarda," in ji shi, "amma ka ji tun yanzu. Ran da ruwan shuka ya sauka, aikina ya ƙare. Ni ma gona gare ni."

"Baba, kahin nan ai mun tare."

"Allah shi sa."

Maigidana bai iya haɗa ido da wansa kullum ba, don haka muka kwashe tarkacenmu muka kafa rumfar zana a fegin. Ƙasar Agiye rairayi ce, sai da jakai suka yi ta jigilar ƙasar gini daga kududdufi. Ni na ɗebo ruwa har wuyana ya sage. Aka kwaɓa da ciyawa, aka tattake, aka yi tubali, ya bushe sarai tun da sauran sanyi. Azarar giginya ta iso daga kudu, muka jingine ta. Komai ya haɗu, ban da turaku.

Duk ranar kasuwa sai ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi buro, ya dawo da "an ce in komo." Na ce masa ya fara kawai mana, wa zai gani? Ya zaro mini ido. Mutumin da ya iya tsaya wa wansa gaban masallaci, hular jandarman gwamnati kaɗai ta ishe shi tsoro.

Sai da bazara ta kankama mai awo ya zo da sarƙarsa. Kafin hantsi ya gama, ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce.

Aka haƙa tushe. Magini ya hau bango ya zauna, ana jefa masa tubali yana caɓewa yana jerawa. Gini na ƙasa ba ya son gaggawa. In aka ɗora sahu sai an bar shi ya sha iska kafin a ƙara wani. Maigidana ya yi ta zagaye yana kallon gabas, magini bai sauya hannu ba. Bango ya kai, aka gicciya azara. Saura shimfiɗa zana, zuba ƙasar rufi, daɓe da indararo.

Da la'asar ɗin nan hadari ya taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Rumfarmu ta zube, tabarmi da zannuwa suka jiƙe sharkaf.

Da safe magini ya zo wucewa da sungumi a kafaɗa. Ya yi mana barka da ruwa, bai tsaya ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Gari duka ya fita daji. Maigidana ya daɗe tsaye cikin ɗakin da ba rufi, ƙasa na ɗiga daga kan bango. Sannan shi ma ya ɗauki sunguminsa, don shuka ba ta jira, iri kuma yana rumbun Yaya. A gona muka tarar an kawo irin. Maigidana na sara, ina bin sa da ƙwarya ina zubawa ina takewa. Haka muka yi har yamma.

Da muka tashi, babu inda za mu kwana sai tsohon gida. Tun fitarmu ban leƙa ba, na zaci ɗakinmu ya zama na awaki. Sai na tarar da shi da sabuwar jinka, an ɗaure ta tam, ciki a bushe, an share. Shuci kuwa, ciyawar jinka, da kaka ake yankansa. Matar Yaya ta raɗa mini cewa tun satin faɗan mijinta ya yanko ya ajiye bayan rumbu.

Na ji daɗin busasshen ɗaki, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa jin tausayin maigidana kamar ranar ba.

Yaya na zaune yana gyaran ƙotar sungumi. Bai ɗago kai ba.

"Kun iso? Gobe da wuri, gonar gabas ta rage."

"To, Yaya," in ji maigidana. Ya sunkuya ya shiga ɗaki.