Notin Bindigar Baba Kofur

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka tura ni Shinkafi akawun kotu. Mai gadinmu wani dattijon ɗan sanda ne, muna ce masa Baba Kofur, saura masa wata huɗu ya yi ritaya. Kullum yana bakin ƙofa rungume da tsohuwar bindigarsa mak-fo, irin wadda sai an ja sakata kafin kowane harbi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Na lura babban yatsansa ba ya rabuwa da wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin cokali a gefen hagu na bindigar. Na tambaye shi amfaninsa.

Ya ce, "Wanga shi na takunkuminta, Akawu. In yana baya, ko jaki ya taka kunamar bindigar ba ta tashi."

Da na haƙura a nan da an zauna lafiya. Amma ta yaya abu kamar farce zai riƙe wuta? Kwana uku ina damunsa. Ranar Alhamis, mutane sun watse zuwa kasuwa, ya zare harsasai ya kwance mini ƙarfen a kan hularsa. Ashe guda huɗu ne: hannun da ake turawa, wani ɗan zobe da ke murɗawa ya shige ya kama sakata, ɗan fallen ƙarfe mai danne su, sai noti ɗaya da ke riƙe da duka. Na ɗauki notin in ga haƙoransa, ya suɓuce cikin rairayi.

Ƙarfe shida zai mai da bindiga ɗakin makamai, kuma ɓatar da kayan bindiga laifi ne da kan ci igiyar muƙamin mutum. Na aro rariyar mai ƙosai, na tankaɗe gindin darbejiyar da muke zaune kaf. Marfin kwalba biyu na samu da haƙorin akuya.

Na ruga wurin mai gyaran keke na zo da noti mai kama da shi. Ya shiga, ya zauna. Har na fara murna. Baba Kofur ya tura ƙarfen gaba, ya dawo da shi, ya kasa kunne. A karo na biyar ya ɗan yi girgiɗi.

Na ce, "Baba, wa zai lura?"

"Ba kowa. Amma gobe wani yaro za a ba ta, shi ga takunkumi na baya, shi shiga kasuwa da ita hankali kwance."

Ya kwance notin ya miƙo mini, ya ƙulle sauran a hankici, ya nufi caji ofis. Na bi shi ina cewa zan faɗa musu ni ne.

"Koma, Akawu. Ni nib ba ka."

Da safe ya zo gadi da kulki. A hannun rigarsa, inda igiya biyu take jiya, saura ɗaya da sawun zare. Kunya ta hana ni wucewa ta gabansa, sai shi ya fara gaishe ni.