Ƙofar da aka ɗauko daga Kukawa

Shekarar da na bar kiwo na zauna a Yerwa ina dillancin shanu, lokacin ana yaƙin duniya na biyu, na auri 'yar ladanin unguwarmu a Bulabulin. Masallacinsa na ƙasa ne, ɗan ƙarami, ƙofarsa kuwa tsohon katako ne mai ƙusoshin maƙera. Mahaifin ladanin ne ya ɗauko ta a bayan takarkari daga Kukawa sa'ad da mutane suka yi ƙaura. Kowa na girmama ta. Matsalarta ɗaya, gajera ce, ni kuma dogo ne ƙwarai.

A watan farko sau shida na buga goshina. Matata ta daina tambaya, da ta ga na shigo sai ta ɗauko man shanu ta shafa mini.

Ranar wata Litinin na yi ciniki mai kyau, na sami surukina yana gyara tabarmi.

"Baba, ku ba ni izini in sa kafinta ya yi sabuwar ƙofa, doguwa."

Ya dube ni tun daga ƙafa har kai, abin da ya ɗauke shi lokaci. Ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Ƙofa lafiya lau. Kai ne ya yi yawa."

Ban haƙura ba. Na ce to a bar ta yadda take, a haƙe ƙasan gindinta. Wannan ya yarda. Na kawo magini, muka zurfafa bakin ƙofar kamu biyu, ya ƙara katako daga ƙasa. Mako uku ina shiga a miƙe kamar hakimi.

Sai ruwan farko ya sauka. Duk ruwan layin ya gane hanya, ya bi ramina ya shige masallaci. Da azahar muka tarar da tabarmi suna iyo, har da kwaɗo a gaban liman, mutane suna ta dariya. Gindin bango ya jiƙe, ya fara zubewa. A nan dariya ta tsaya, don ginin ƙasa ba ya wasa da ruwa a ƙafarsa.

Surukina bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini ƙwarya kawai. Kwana huɗu muna kwasar ruwa, muna kwaɓa laka da ciyawa, muna yaɓe, maza suna bango, mata suna kawo ƙasa. Ramin kuwa ni kaɗai aka bar wa, na cike shi da hannuna, na daɓe.

Daga nan yaɓen masallaci kafin damina ya zama aikina, na yi shi shekara da shekaru. Tun da ba na buƙatar tsani, sashen sama ake ba ni.