Dattijon da Ya Ɗauko Ƙarar Teku

Su'ad tana jiran bas a Oxford Road, sai ga wata doguwar mota mai ɗakin kwana, irin ta masu yawon bakin teku, ta tsaya ƙofar asibiti. Gishiri ya bushe a gilashinta. Dattijon da ke saukowa yana sanye da rigar ruwa a kan jallabiya, yana takawa kamar ƙasa na lilo da shi. A kujerar gefensa akwai filo da mayafi a ninke. Tafiyar mutum biyu aka shirya, in ji Su'ad a ranta.

"Baba, ba a fakin a nan," in ji mai gadi. Hausarsa ta mutanen Gana ce.

"Na sani, ɗana. Matata ce ta tsara hanyar, daga gaɓar teku mai duwatsu ta Wales har Scotland, sai ciwo ya kwantar da ita. Ta ce in je in ɗauko mata ƙarar ruwan." Ya ɗaga wayarsa da ya naɗo ƙarar a ciki. "Likita ya ce in hanzarta, yanzu ji kaɗai ya rage mata."

Mai gadin ya dubi motar, ya miƙa hannu.

"Kawo makullin, Baba. Shiga."