Babarbaren da Muka Naɗa a Bayan Sito

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Ko lokaci aka tambaye ni, in na faɗa sai na ƙara da cewa a duba wani agogon. Amma waɗanda muka zauna a wurin duk sun rasu ko an mayar da su gida, saura ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta, inda na yi kuskure Allah ya yafe mini.

A farkon shekarun tamanin ina dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Umara na zo na zauna, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ko tayar mota ta fashe sai gabana ya faɗi. A bayan siton akwai wani Bafulatani mai shayi, sabon zuwa, Larabcinsa bai wuce yalla da halas ba. A bencinsa muke hutawa bayan la'asar.

Akwai wani tsoho da kowa ke ce wa Ammi, wato baffa. Baƙi ne kamar mu, amma ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya tsufa da ɗaukar kaya, sai aka ba shi gadin ƙofar sito, yana yi yana gyangyaɗi. Ni ya fi hira da ni don na fi sauran Larabci. Ya ce yana ɗan ƙarami iyayensa suka taso da shi aikin hajji ta ƙasa. Yana tuna tafiya, yana tuna jirgin ruwa da amai, yana tuna wani mutum ya riƙe hannunsa a bakin teku, kuma mutumin ba ubansa ba ne. Sayar da shi aka yi. Ya yi wa wani mai kwale-kwale bauta, yana sauko da alhazai da kayansu daga manyan jirage, har gwamnati ta hana bauta. Sai ya ci gaba da aikin nan dai, bambancin kawai yanzu ana biyansa. Haka yake ba da labarin, ba ɗaga murya, kamar yana faɗin farashin albasa. Irinsa ba su da wuyar gani a unguwannin tasha a lokacin. Yana da 'ya ɗaya mai aure a unguwar Waziriyya.

Wata rana ya kira ni ya ce, "Ya waladi, 'yata ta tambaye ni mu mutanen ina ne. Na ce mata mutanen tasha. Ta ce tasha ba gari ba ce." Ya shafa kumatunsa. "An ce mutanenku suna karanta fuska kamar fasfo. Karanta mini tawa."

Akwai zanen aska a fuskarsa, ina gani kullum. Amma jingina mutum ga dangin da ba nasa ba abu ne mai nauyi, kuma ni ban san aska ba. Na yi kwanaki ina juya abin, har abinci ya daina mini daɗi. Daga baya na tuna da wani wanzami mutumin Damagaram da ke yi wa 'yan dako ƙaho. Na roƙe shi ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, na ce kada ya gaya wa kowa.

Da na iso, bencin mai shayi ya cika, wasu a tsaye. Na duba na ga babu mai iƙama a cikinsu sai Ammi da ba ya buƙatarta. Na ce a rage murya, aka ce to, aka ƙara.

Wanzami ya zaunar da Ammi ya fuskanci rana. Matsalar ita ce tsufa ya yi nasa zanen a kan na aska. Sai da ya riƙa jan fatar da yatsu biyu, kamar mai duba atamfa kafin ya saya. Wani direba Bagobiri ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Namu ne. Dubi wannan da ya taso daga gefen baki."

"Wannan shekaru ne, ba aska ba," in ji wanzami. "Kai ma yana nan tafe gare ka."

"To wancan fa?"

"Wancan tabarma ce, yanzu ya tashi daga barci. Matsa, ka tare mini haske."

Ya daɗe yana dubawa. Kuncin hagu wata tsohuwar igiyar jirgi ta taɓa yanka shi, tabon ya cinye rabin zanen. Can ya ce, "Askar kuncin dama dai ta yi kama da ta Barebari. Amma waɗannan ƙananan na kusa da kunne ban san su ba."

Ni na ji "amma". Sauran mutane "Barebari" kaɗai suka ji. Kafin in buɗe baki, mai shayi ya yi tsalle da buta a hannu.

"Allahu akbar! Ashe bawana ne yake shan shayina yana miƙe ƙafa! Tashi, bawa, ka hura mini wuta!"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san haka Bafulatani da Babarbare suke gaisawa. Dariya ta ɓarke. Sai kuma ta fara mutuwa daga wannan ƙarshen benci zuwa wancan, kowa na tuna wanda aka faɗa wa. Mai shayi ya san tarihin Ammi sarai, bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ya tsaya da buta a sama, ya kasa ajiyewa.

Ammi ya juyo gare ni. "Me ya ce?"

"Ce masa barka yake masa," in ji wanzami cikin raɗa.

"Ce masa shayin yau kyauta ne," in ji Bagobiri.

"Don Allah, ɗan'uwa, rufa mini asiri," in ji mai shayi.

Ni kuwa tafinta ne, an ba ni amana, ga shi ranar Juma'a. Na yi tunanin in yi tari har a manta. Na gwada, ba a manta ba. Na ce, "Ya ammi, wata magana ce ta garinmu."

"Wace magana?"

Na nemi wata kalma mai laushi a Larabcina ban samu ba. Sai na faɗi wadda ya fi kowa saninta.

Ammi ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dubi mai shayi tun daga hula har silifansa da aka ɗaure da waya. Ya ce, "Gaya masa wanda ya mallake ni yana da kwale-kwale da gida mai bene. Shi wannan ko murfin buta ba shi da shi." Ba dariya yake yi ba. Ya dafa benci zai tashi.

Na riƙe hannun rigarsa. Na fara bayani, kuma na yi shi a hargitse, na faro daga kakana na koma kan shanu, har wanzami ya ce in taƙaita. Na ce, "Ya ammi, a ƙasarmu akwai kabilun da suke abokan wasa. In sun haɗu kowa na cewa ɗayan bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Baƙo ba a yi masa haka. Sai wanda aka san asalinsa."

Ya tsaya. "Kowa na cewa? Har ni?"

"Har kai. In ba ka rama ba ma, ka wulaƙanta shi."

"In ce masa haka a gaban mutane, kuma ba abin da zai faru?"

"Shayi ma zai kawo maka."

Ya koma ya zauna. Ni kuwa na fara lissafin ta inda zan gudu. Sannan ya ce, "Yaya ake faɗa da harshenku?"

Na gaya masa. Ya juya ta a bakinsa, ta fito daga maƙogwaro irin na Larabawa. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafafunsa duka biyu, ya nuna mai shayi da sandarsa.

"Bawana! Shayi!"

Wannan ce Hausar da ya fara yi a duniya, ko in ce wadda na ji ya fara yi. Mai shayi ya zube a ƙasa da kofi a hannu, hawaye a idonsa, yana cewa, "Ga shi, amma wallahi ban yarda ba, kai ne nawa, gadonka na yi!" Ihun da aka yi ranar, na tabbata an ji shi har bakin tasha. Na ɓuya bayan buhunan shinkafa sai da aka watse.

Daga nan kullum la'asar sai an yi. Ammi ya koyi Hausa, amma ta tsokana kaɗai. Bai iya cewa ina kwana ba, ya iya cewa mai ƙafa kamar sandar kiwo. Barebarin unguwa suka ji labari suka zo gaishe shi, suka kawo masa hula, suka riƙa ɗaukarsa suna da ɗaurin aure suna zaunar da shi a gaba. 'Yarsa ta fara gaya wa maƙwabta su mutanen Barno ne.

Kowa ya huta ban da ni, saboda "amma" ɗin wanzami ba ta bar ni ba. Ana nan wani Basudane da muke aiki tare ya ce mini a ƙasarsu ma akwai masu dogon zane irin wannan, kuma tsofaffin mutanen Makka ma sun yi wa yara aska a da. Ke nan yana yiwuwa a hanya aka yi wa Ammi askar, ko bayan an saye shi. Na ga in na yi shiru na zama abokin ƙarya. Na je na same shi a bakin ƙofar sito na zayyana masa komai.

Ya ce, "Ya waladi, kai ba ka gajiya? Sai da na tsufa na samu bawa ɗaya tak, shi ma kana so ka ƙwace?" Ya lumshe ido kamar zai koma barci. Can ya ce, "Ni wannan ta ishe ni. Amma in ka samu gaskiyar, ka kai wa 'yata."

Bayan wasu shekaru ya rasu. Barebari ne suka yi masa wanka. A maƙabarta mai shayi ya tsaya kusa da ni yana share ido da hula, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ya gudu ba da izinina ba."

'Yar tana nan da rai, ta zama kaka, ni ma na tsufa, kuma har yau ban kai mata komai ba. Saboda haka ina roƙon masu karatu, musamman wanzamai da tsofaffi. Zanen dogaye ne a tsaye, daga saitin ido zuwa haɓa, da ɗaya a goshi da ya sauko kan hanci, sai wasu ƙanana uku a kwance kusa da kunnen dama. Wanda ya san garin da ake haɗa waɗannan a fuska ɗaya, ko ya taɓa jin gidan da suka tafi hajji ta ƙasa da yaro suka dawo ba shi, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. In kuma zato ne kawai, don Allah a faɗa mini cewa zato ne.