Kwalekwalen Dela da Gyaran Ukasha

Labarin da ya karaɗe Kazaure a bara shi ne wai Dela mai kifi tana ƙera jirgin sama a tsakar gidanta. Wasu suka ce da injin markaɗe za ta tayar da shi, wasu suka rantse sun ga fuffuke ɗaya ya leƙo ta saman katanga. Kafin labarin ya isa Roni an ƙara masa kujeru goma sha biyu, har wata tsohuwa ta aiko a ajiye mata ta bakin taga, za ta Umara.

To jama'a, a kwantar da hankali. Jirgi dai jirgi ne, amma na ruwa, kuma ko jirgin ma kara aka yi masa. Kwalekwale ne ɗan tsurut, mutum biyu da daron kifi sun cika shi. Fuffuken da aka hango kuwa katako ne aka jingine. Ni na sani, don Dela ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kuma abin da ya sa ta wannan aiki ya fi jirgin saman ban tsoro.

A Roni aka haife ta, a gidan Malam Hamma kafinta. 'Ya'yansa maza duk sun gudu daga zarto, sai ita ce ke danne masa ƙarshen katako yana yanka. Nan ta koyi awo, nan ta koyi kafa ƙusa ba ta lanƙwashe ba. Abin da ba a san inda ta koyo shi ba shi ne riƙo. Dela ba ta mantuwa. Akwai akuyar da ta ci mata ƙuli-ƙuli tana 'yar shekara bakwai, har yau jikokin akuyar nan idan sun hango ta a kasuwa sai su sauya layi.

Aure ya kawo ta Kazaure, gidan Sama'ilu, mutumin da zai iya wuni bai ce komai ba ban da amsa sallama. Shi yana tuƙa kwalekwalen wani a dam, ita tana suyar kifi da yamma a bakin titi. Shekara goma sha biyar kaskonta bai huce ba. Direbobi kan tsaya musamman don karfasar Dela, kuma an san ta da hannu a sake. Ko na yaya ka saya, sai ta ɗora maka ɗan gutsure a kai ta ce, "Ga gyara."

Mai kwalekwalen da Sama'ilu ke tuƙawa shi ne Ukasha. Ba sarkin ruwa ba ne, amma kwalekwale uku nasa ne, kuma rabin komar da ake jefawa a dam ɗin tasa ce, don haka idan ya yi tari sauran masunta su ma sai maƙogwaronsu ya yi ƙaiƙayi.

Wata safiya Dela ta sayi daron karfasa a wurinsa. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai hancinta ya gaya mata magana. Nan take ta kife daron a ƙasa gaban kowa. Na sama sabo ne yana motsi, na ƙasa kuwa kwanan jiya ne, idanu sun yi fari fat. Mata masu sari suka sa salati, wani ya fashe da dariya.

Ukasha ya tashi tsaye, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga. Ya ce daga yau duk wanda ya sayar wa matar nan ko da ƙaya ɗaya, ya ajiye masa komarsa. Ya fizge filafilin tuƙi daga hannun Sama'ilu. Sannan ya juyo ya ce, "Tunda hancinki ya fi na kowa, ki shiga ruwan ki sansano naki."

Dela ta dube shi daga hula har silifa, ta ce, "To."

Wanda ya san Dela, da ya ji wannan "to" ɗin sai ya je ya yi wa iyalinsa wasiyya. Ukasha bai san ta ba.

Kasko ya huce. Ta gwada kifin ƙanƙara da ake kawowa daga Kano, direbobi suka ɗanɗana suka ce a gai da gida. Miji ba aiki, mata ba sana'a. Sama'ilu ya tattara maganar wata guda ya yi ta a rana ɗaya, ya ce, "Dela, mu je mu ba shi haƙuri."

Ta ce, "Malam, ka ci tuwonka."

A bayan tasha akwai wani mai gyaran bambar mota. Wata rana tana wucewa ta gan shi yana shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan fasasshiyar bamba, yana shafe shi da gam kamar zuma. Ta tsaya. Ya ce ƙyallen sunansa faiba, gam ɗin kuma ifoksi, idan suka bushe tare sai dai guduma. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Ruwa yana ratsa shi?" Ya ce ko tankin ruwa da shi ake toshewa. Ta dawo gida ta karɓe wayar Sama'ilu, ta kwana uku tana kallon wasu Turawa suna haɗa kwalekwale a garejinsu. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma 'yar kafinta ce, hannunsu take kallo, ba bakinsu ba.

Ta sayar da tumakinta biyu, ta shiga motar Kano, ta dawo da fallayen katakon filawud, da faiba a naɗe, da galan biyu na gam, babba da ƙarami. Ta aika Roni aka kawo mata akwatin kayan aikin marigayi babanta.

Ta zana gefuna da gawayi, ta yanke da zarto, ta huda bakin kowane falle, ta ɗinke su da waya kamar mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Cikin kwana biyar abu ya tashi da ciki da hanci. Daga nan sai gam. Mai shagon Kano ya ja mata kunne: gwangwani biyu daga babban galan, ɗaya daga ƙaramin, shi ne mai sa ya daskare, kada ta ƙara kada ta rage.

Ta auna biyu. Ta auna ɗaya. Sai hannun nan da ya shekara goma sha biyar yana ɗora gutsure a kan ciniki ya tafi da kansa, ya ƙara rabin gwangwani daga ƙaramin galan. Har bakinta ya ce, "Ga gyara," ba ta sani ba.

Ana tsakiyar zafin watan Afrilu, ta dama roba guda cike. Kafin ta gama gyara ɗaurin zani, robar ta ɗauki zafi, ta fara hayaƙi, ta lanƙwashe. Muciyar da take damawa da ita ta tsaya cak a tsakiya. Kaji suka watse, maƙwabta suka fito da bokiti, ni da aka aiko ni da saƙon mahaifiyata, Goggon Dela, na sami kaina a kan katanga ban san ta inda na hau ba. Muciyar nan tana nan har gobe a cikin robar, an gwada jan ta da babur, babur ɗin ne ya mutu.

Dela ta zauna ta daɗe tana kallon asarar. Gam ɗin da ya rage da kyar zai kai, kuma ba sauran tunkiya. Ta ɗaga hannun damanta ta ce masa, "Kai, ba kifi muke sayarwa ba." Daga ranar ta koma damawa kaɗan-kaɗan a gwangwanin madara, da sanyin safiya, tana auna biyu da ɗaya, hannun hagu riƙe da na dama.

Ta cike gaɓoɓin da gam haɗe da garin katako, ta zare wayoyin, ta shimfiɗa faiba ciki da waje, ta bi da buroshi har farin ƙyallen ya ɓace katako ya fito ta cikinsa. Sannan gugar samfefa. Ƙurar faiba ta fi ƙaiƙayin gero sharri sau goma. Sati biyu Dela da Sama'ilu suna susa kamar birai, ita tana susa tana ambaton sunan Ukasha, kowace susa da nata lissafin.

Labari ya kai masa. Ya ce a gaya wa matar Sama'ilu idan ta gama komin awakinta ta kawo, yana da 'yan akuyoyi masu jin ƙishirwa. Aka kawo mata saƙon da ɗuminsa. Sai ta ƙara shafi ɗaya na fenti, shuɗi, wanda ake hangowa daga kan dutse.

Ranar fitarwa kwalekwale ya ƙi wucewa ta zaure. Ta saman katanga maza shida suka tsallakar da shi. Ta riga ta je ta gai da dattijon sarkin ruwa, ya ce ruwa ba na uban kowa ba ne. Aka ɗora a kura, rabin unguwa na biye, yawancinsu sun zo kallon nutsewa ne. Sama'ilu ya yi bismilla ya shiga. Kwalekwale ya zauna a kan ruwa kamar agwagwa. Sama'ilu ya tuƙa ya tafi, ya kewayo, ya dawo, ya shafa cikin kwalekwalen ya ɗaga tafin hannu: a bushe. Su Ukasha kuwa kowane kwalekwale da mai kwalfe ruwa da ƙoƙo, don kwalta da tsumma suke toshe nasu.

Da yammar nan kasko ya yi ƙara da kifin da Sama'ilu ya kamo. Direbobi suka dawo. Kowa ya ce shi ke nan, Dela ta rama. Ita kuwa ta ce ai ba a fara ba.

Wata huɗu bayan haka, babban kwalekwalen Ukasha ya hau kan kututture a ƙarƙashin ruwa, cikinsa ya tsage kamu uku. Aka zuba kwalta, ta ɓalle. Aka kira mai gyaran bamba, ya liƙa, kwana biyu ya ɗaye, ya ce shi ƙarfe da roba ya sani, jiƙaƙƙen katako sai matar Sama'ilu. Ga kifi ya fito, ga kwalekwale a kife a gaɓa.

Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da teburinta ya fi cika, sai ga Ukasha da sabuwar hula.

"Hajiya Dela, barka da yamma."

"Ikon Allah, yaushe na je Makka ban sani ba? Barka kadai, Malam Ukasha."

Ya rage murya. "Gyara na zo nema."

Ta ɗaga tata yadda na tsallaken titi zai ji. "Gyara? Malam, ai sai an yi ciniki ake gyara. Wa ka taɓa gani ya zo da gyara kawai a bakinsa?"

Direbobi suka daina tauna. Ukasha ya waiga hagu da dama, ya nuna wata karfasa. Ta ce wannan an riga shi. Ya nuna wata. Ta ɗauka, ta kai hancinta, ta sansana a hankali, ta ce, "Ta yau ce, ka kwantar da hankalinka." Ta barbaɗa yaji, ta naɗe. Mai kwalekwale uku ya sayi kifin komin awaki a gaban jama'a. Sannan ta tsinci wata 'yar wutsiya da ta ƙone a gefen kasko, ta ɗora a kai.

"Ga gyara."

"Ba wannan nake nufi ba, Hajiya. Na kwalekwale."

"Ayya. Da ka faɗa tun farko. Gyara ɗaya ake yi wa mutum a ciniki, ka kuma karɓi naka."

Wani direban Babura ya ƙware da dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ukasha ya tafi da ƙunshin kifinsa a hannu, ya rasa ko ya ci ko ya yar. Kwalekwalen yana nan a kife, ƙadangaru sun kama haya a ciki. Dattawa biyu sun je roƙo, ta shimfiɗa musu tabarma, ta durƙusa ta gaishe su, ta soya musu tarwaɗa, ta ce tana nan tana tunani. Tunanin ya shiga wata na bakwai.

Makon jiya na je na zauna a bencinta, na ce, "Injiniya, gari fa ya ɗauka ba ƙi kika yi ba, kasawa kika yi. An ce naki ma sa'a ce, wai tsagar Ukasha ta fi ƙarfin iliminki na waya."

Ba ta ko ɗago daga kasko ba. Ta juya kifi ta ce, "Kai ɗan Goggo, ramin da ke kwalekwalen Ukasha ina iya toshe shi kafin azahar, so ne ba na yi. Wanda ke ƙarƙashin hancinka nake so in toshe, faibar Kano ce duka ba za ta isa ba."