Jif Ɗin Da Aka Auna Da Tsawon Baba

Shekarun baya, ban daɗe da samun ƙarin girma a wurin aiki ba, na sayi wata jif 'yar kwatano mai jan taya huɗu. Tun da na saka hotonta a nan kwanaki ake ta tambayata, me mace ma'aikaciyar gwamnati, wadda zirga-zirgarta ba ta wuce Lugbe zuwa Sakatariya, take yi da mota mai bututu a gefen gilashi da tayoyi irin na tarakta. Wani ma cewa ya yi ko farauta nake zuwa. To ga yadda aka yi.

Mahaifina ma'aikacin gona ne. Da ya yi ritaya bai koma garinmu ba, sai ya sayi gona a wani ƙauye can bayan Kuje, ya gina ɗakuna, suka tare shi da mahaifiyata. A can ta rasu, cikin rani, a can kuma aka binne ta. Bayan nan ciwon zuciya ya kama shi, da ƙyar da rarrashi na dawo da shi gidana don ya kusanci asibiti. Hanyar ƙauyen nan da rani ko ƙaramar mota tana lallaɓawa ta shiga. Amma da damina, daga inda kwalta ta ƙare sai jar laka, ga kuma wani rafi marar gada dab da shiga garin.

Gaskiya don kaina na sayi motar. Ni ce babba a gidanmu, kuma a gindin tsohuwar a-kori-kurar Baba na tashi ina miƙa masa sifana, shi ya sa son mota ya shiga jinina. Ranar da na kawo ta gida ya fito da sandarsa, ya zagaye ta a hankali, ya leƙa ƙarƙashinta iya yadda bayansa ya yarda. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Mamana yake ce mini.

"Mamana, wannan za ta haye rafin nan a tsakiyar damina?"

"In an yi mata aiki za ta haye."

"To a yi mata. Ina so in na mutu a kai ni kusa da uwarku. Kin kuma san ba a ajiye gawa a ce sai rani ya yi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa don Allah ya daina irin wannan magana, mutum ya sayo mota maimakon a sa masa albarka sai zancen mutuwa. Ya bar ni na gama faɗana, don ya san halin 'yarsa, sannan ya ce, "Ban ce gobe ba ne. Cewa na yi a shirya. Kin yi mini alkawari?" Na yi masa, ina kallon ƙasa.

Ranar Asabar muka tafi Apo wurin makanikena, wani ɗan Filato mai fara'a da ya daɗe yana yi mini aiki. Yana ganin motar ya hau tafa hannu.

"Hajiya, wannan mota zai yi kyau! Za mu ɗaga shi sama sosai, mu jera masa fitila a kai, mu sa firij a baya. In kin shiga Wuse kowa sai ya juya."

Ni ma fa abin da ke raina ke nan, ba zan ɓoye ba. Na riga na gama kallon hotuna a waya, na zaɓi fitilun rufi, da lasifika mai girgiza ƙirji, da baƙin gilashi, da kujerun fata. Aka ba Baba benci a inuwa. Duk abin da makanike ya ambata, tambaya ɗaya yake yi masa: "Wannan yana hana ta kafewa?" In aka ce a'a, sai ya kaɗa sanda alamar a wuce. A haka fitiluna da lasifikata da firij suka tafi ina ji ina gani.

Aka zo kan tayoyi. Makanike ya fito da iri biyu. Ɗaya mai matsakaicin zane, tana tafiya a kwalta shiru, tana kuma ɗan taɓukawa a daji. Ɗayar mai manyan haƙora, ta laka zalla, wadda a kan titi take gurnani ta kuma sha mai. Na ce ai ni kullum a kwalta nake, mu ɗauki ta farkon. Baba ya kalle ni ta saman tabarau. Muka ɗauki ta lakar.

Wajen ɗaga motar ne suka yi musu. Makanike yana so a kai ta ƙarshe, Baba ya ce a tsaya a tsakiya, domin mota in ta yi tsawo da yawa tana saurin kifewa a gangare, kuma masu ɗora kaya a bayanta za su wahala. Ya yarda da farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin saboda duwatsu. Ya yarda da winci a gaba, wato injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe, wanda in mota ta kafe ake ɗaure shi a bishiya ta ja kanta ta fita. Bututun nan da kuke tambaya, shi ma zaɓinsa ne. Hancin injin ake ɗagawa sama da shi don kada ya shaƙi ruwa a rafi.

Har lokacin makanike ya ɗauka doya da masara za mu riƙa ɗaukowa daga gona. Sai ya ce, "Baba, mu sa kariya, ƙarfen ɗora kaya, a sama. Kayan da ya yi tsayi sai a ɗaure shi a kai."

"Ni ba buhun doya ba ne," in ji Baba. "A ciki zan tafi."

Ya ciro wata igiya daga aljihu. Ashe ya roƙi ladanin masallacinmu ya auno masa tsawon makara da ita. Ya sa aka cire kujerun can baya, aka kwantar da ta tsakiya ta gefen dama, aka miƙa igiyar. Ta shiga, amma bai gamsu ba. Ya miƙa mini sandarsa da hularsa, ya ce a taimaka masa ya hau. Ina tsaye, mahaifina ya kwanta a bayan motar nan, ya miƙe ƙafafu, ya haɗa hannuwa, ya ce, "Ku rufe ƙofar mu gani ko za ta taɓa."

Sai a sannan makanike ya gane. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa, ya cire hular kansa, ya rufe ƙofar a hankali da hannu biyu. Ya ce, "Bai taɓa ba, Baba. Amma wannan kujera gara mu cire shi gaba ɗaya, mu sa ƙugiya a ƙasa don a ɗaure. Hanya yana da rami." Baba ya amsa daga ciki, "Yauwa, ka fahimce ni."

Ni dai na zagaya bayan garejin na yi kukana tsakanin tsofaffin injuna. Da na dawo sai na hau makanike da faɗa a kan wani noti da bai yi laifin komai ba. Ya haƙura da ni, Allah ya saka masa.

Bayan an gama aikin muka riƙa zuwa gonar ni da Baba, yana gaba kusa da ni. Da ruwa ya fara sauka na koyi inda ake rage wa tayoyi iska, da inda ake saka ƙaramar giya, da inda laka take yaudara ta yi kamar busasshiya. Ya nuna mini mashigar rafin: ba a miƙewa, ana ɗan karkata hagu inda ƙasan dutse ne, sannan a fita ta gaban wata ɗorawa. Tsarinmu shi ne ƙanena zai tuƙa in ranar ta zo, tunda mata ba sa raka gawa. Shi kuwa ma'aikacin banki ne, motarsa ƙarama mai canja giya da kanta, ruwa ya ɗan taru a titi sai ya juya. Sau ɗaya muka tafi da shi ya gwada, ya cusa mu cikin rami har kuloci ya yi ƙauri. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce a bari ruwa ya ɗauke a koya masa a natse.

Ruwan bai ɗauke ba Baba ya rasu. Da safe ne, bayan ya yi sallar asuba ya koma ya kishingiɗa. An kwana biyu ana ruwa.

Baffana, ƙanen Baba, ya iso daga Karshi kafin hantsi. Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka yi masa salla a masallacin unguwa. Ina cikin mata sai ƙanena ya leƙo, idanunsa jawur, ya ce, "Yaya, Baffa ya ce maƙabartar cikin gari za a kai shi. An kira ƙauyen, sun ce rafi ya kawo. Ni kuma wallahi ba zan iya ba."

Na ja mayafina na fita. Baffa yana bakin ƙofa da liman da wasu dattawa. Na durƙusa na gaishe su.

"Baffa, ya bar wasiyya."

"Na sani, ni ma ya faɗa mini. Amma ba za mu jefa rayayyu a ruwa saboda mamaci ba. Direban maƙwabcinku ya ce bai san hanyar ba. Wa zai tuƙa?"

"Ni."

Wani dattijo ya ce subhanallahi, yaushe aka fara haka. Ban ɗago ba, amma ban janye maganata ba. Na ce, "Baffa, shi ya koya mini hanyar da bakinsa. In na ga ba za ta hayu ba, wallahi zan juyo da kaina." Baffa ya dubi liman. Liman ya ce abin da ake hana mata shi ne bin jana'iza zuwa kabari, wannan kuwa lalura ce, sai dai in an isa garin ta tsaya nesa, maza su ƙarasa da shi. Baffa ya goge fuskarsa da bakin rigarsa. Ya ce, "Tashi ki ɗauko makulli."

Aka shigar da makara, ta zauna daidai, aka ɗaure ta da ƙugiyoyin nan. Baffa ya zauna gaba, ƙanena a kujera ɗayar da ta rage, hannunsa a kan makara. Na ɗaga madubin tsakiya sama don kada idona ya kai baya. Motoci suka biyo mu har ƙarshen kwalta, daga nan masu ƙarfi suka hau babura, sauran suka tsaya suna yi mana addu'a.

Na sauka na rage iska, na saka ƙaramar giya. Lakar ranar ta fi duk wadda na sani. Motar tana tafiya tana wutsil-wutsil da baya, ina ji a jikina duk ramin da muka faɗa, kamar ni ce a kwance. A wani kwari ta nutse har ciki. Ƙanena, da farin yadinsa, ya sauka cikin laka har gwiwa, ya ja igiyar wincin ya ɗaura a wata kaɗanya. Motar ta ja kanta sannu a hankali ta fito. Baffa bai daina salati ba.

Da muka iso rafin na tsaya. Ruwan ja ne, yana gudu, ya fi yadda na saba gani. A can ƙetare mutanen garin sun yi cirko-cirko. Wani daga cikinsu ya shiga da sanda ta mashigar dutsen, ruwa ya kai masa ƙugu, ya ɗaga mini hannu. Na yi lissafina, na ga bututun zai ɗauka. Baffa ya ce, "Kin tabbata?" Na ce in sha Allahu.

Duk lokacin da za mu shiga rafin nan da Baba, nakan ce masa ya riƙe da kyau. Ban san sanda bakina ya furta ba. "Baba, riƙe da kyau." Na ji ƙanena ya fashe da kuka a bayana. Ruwa ya hau kan bonet, motar ta ɗan yi sauƙi kamar za ta bi shi, na karkata hagu, na riƙe mai daidai ban ƙara ba ban rage ba, har na ji tayoyin gaba sun kama tudu.

A bakin masallacin garin na kashe mota. Maza suka buɗe baya, suka sauke shi, suka ɗora a kafaɗa suna kabbara ƙasa-ƙasa. Na bi su da ido har suka sha kwanar wata gonar dawa. Iyakata ke nan. Na zauna hannuwana a kan sitiyari, na kasa sakinsa. Wata tsohuwa 'yar garin, wadda Hausarta ba ta da yawa, ta zo ta tsaya a jikin tagar, ta ɗora hannunta a kan nawa. Muna nan a haka har mazan suka dawo kafaɗunsu babu kowa.

Mutane sukan ce mini na yi jarumta. Ni ban ji haka ba, ranar tsoro ne ya cika ni tun daga Lugbe. Abin da na gane shi ne, lokacin da nake jin haushin Baba yana maganar mutuwarsa a gareji, shi sauƙi yake nema mini. Ya yanke duk shawarwarin tun yana da rai, bai bar mini komai ba sai tuƙi. Har yanzu ina kewarsa sosai, musamman in hadari ya haɗo ta wajen Kuje.

Ina zuwa garin lokaci-lokaci, in tsaya a bakin masallacin nan in yi musu addu'a su biyu. Kabarin ban taɓa ganinsa ba. Ƙanena ya ce yana dab da na mahaifiyarmu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon mutum ba. Na yarda da shi. Ni abin da na sani shi ne hanyar, kuma na kai shi.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa in tamu ta zo mu sami mai kai mu.