Maratayin Bindigogin Baba Sambo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Malam Sambo Maharbi na Kucheri, wanda muke kira Baba. Amma idan aka tambaye ni yaushe muka fara rasa shi, zan ce ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Alhamis, wata tara kafin ya cika. Na san lokacin ne domin na je hutu, ina zaune a zaurensa ina karatu, agogon bango yana gabana. A daidai lokacin Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, ya shigo da bindigarsa a ɗure ya rataye ta a maratayin Baba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne abin magana a nan. Maratayin nan Baba ne ya sassaƙa shi da hannunsa tun kafin a haifi mahaifiyata, da itacen ƙirya, saboda gara ba ta cin sa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, turaku ya fiƙe ya cusa. Gurbi shida ne, kowanne an naɗe shi da fatar akuya don kada ƙarfe ya kurje, kuma ya kafa shi can sama, inda ko babban mutum sai ya yi ɗage. Bindigogin duk na gargajiya ne, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Biyu nasa ne, ɗaya ta Kawu, uku na maharban unguwa da suka fi amincewa da zaurensa a kan ɗakunansu. Baƙo ba ya shiga ya fita bai tsaya ya kalla ba. Baba kuwa yana son a kalla, ba ya ɓoye jin daɗinsa.

Dokarsa biyu ce. Ta farko, bindiga ba ta hawa maratayi da abu a cikinta. Maharbi in zai dawo, sai ya harba abin da ya rage tun a daji. Baba yana da sandar ɗuri da ya yi wa tsaga. Sai ya zura ta a bakin bindiga, in tsagar ta nutse, cikin fanko ne. Ko ta wa ce sai ya gwada, har tasa. Ta biyu, albarushi da dalma ba sa zama a zaure. Suna cikin tulu a ƙuryar ɗakin kakata, Inna Hauwa. Duk mai so sai ya ratsa tsakar gida, ya yi sallama, ya durƙusa. Ita kuma tambaya ɗaya take yi kafin ta auna masa: "Mi za ka harbi?" Na ji ana amsa mata da zabo, da gada, da birai masu ɓarnar masara. Ko Baba sai ya amsa. Wani lokaci ya ce, "Giwa," ta ce, "Kawo mini ko ɓera mu gani."

A shekarar, hare-haren 'yan bindiga sun matso ƙauyukan Tsafe, yankinmu. Mutane suna zuwa gona da fargaba. Don haka da Baba ya zura sandarsa ya ga tsagar ta tsaya a waje da kusan yatsa uku, Kawu bai ji kunya ba.

"Baba, ba a fafe gora ranar tafiya. In suka taho, Inna zan je in gaida?"

"Sauke ta, Lawali."

"Zamani ya sake, Baba."

"Zamani ya sake, zuciyar ɗan Adam ba ta sake ba. Ko ka juye ta, ko ka fitar mini da ita."

Kawu ya sauke ta ya fita. Bai juye ba. Kafin mako ya zagayo, maharban nan uku sun zo ɗaya bayan ɗaya sun ɗauki nasu, kowa yana sunkuyar da kai. Daga baya Kawu ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a Kwatarkwashi. A majalisa aka fara cewa tsufa ya sa Sambo tsoro, mutumin da a ƙuruciyarsa yake bin sawun kura shi kaɗai. Bai taɓa mayar wa kowa magana ba. Kullum da safe yakan goge guraben nan huɗu da babu komai a kansu, kamar masu su za su dawo da azahar. Da zazzaɓin da ya yi ajalinsa ya kwantar da shi, Kawu ya zo dubiya, suka gaisa kamar surukai. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na daɗe ina shakka. Ina jami'a a Gusau yanzu, kuma ɗabi'ata ce in bi abu har tushe. Na nemi dokar mallakar makamai a ɗakin karatu na karanta. Ta yi maganar lasisi, ta yi maganar adana makami inda hannun wani ba zai kai ba. Baba bai taɓa karanta ta ba, amma abin da ya tsara a zaurensa ya fi ta tsauri. Duk da haka takarda ba ta amsa abin da ke damuna ba. Na san gidajen da aka shiga. Na san mutanen da ba su samu ko damar ɗaura takalmi ba. Idan na ce Kawu ba shi da hujja, na yi ƙarya. Abin da nake tsoro shi ne a ce kakan da nake alfahari da shi taurin kai kawai ya yi, ya rasa ɗansa da mutuncinsa a banza.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Bindiga ta sauka daga bango ta koma kafaɗa, ana goya ta a babur kamar fartanya. Ba na jin zai yi wa'azi, ba halinsa ba ne. Ina jin tambaya zai yi: wa ke riƙe da albarushin? Yakan ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Maratayin yana nan a zaure. Hukuma ta karɓi bindigogin biyu bayan rasuwarsa, Inna ta bi shi bayan shekara biyu, tulun ya zama na ajiye gero. Gara dai har yau ba ta taɓa ƙiryar ba. Ban san ko itace shi ne abin da ya rage na mutum ba, ko kuwa akwai wani abu da ya fi shi daɗewa.

A hutun da ya wuce na je Kwatarkwashi. Ni ba mai yawan magana ba ce, na kwana biyu ina juya tambayar a bakina. A rana ta uku da hantsi, Kawu yana gyaran igiyar shanu a gindin bishiya, na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah, tsakaninka da Baba wa ya yi daidai?"

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Har na fara neman hanyar ba da haƙuri, sai ya ce:

"Ɗiyata, shekara uku bindigar nan tana ɗure a bayan ƙofata, ban taɓa saita ta ga ɓarawo ba. Wata damina shanun wani makiyayi suka shiga dawata. Mutumin da muke salla sahu ɗaya, na san sunayen 'ya'yansa. Ban san sa'ad da na ɗauko ta ba. Na saita shi, na ja kunama. Ba ta tashi ba, albarushin ya daɗe a ciki ya sha danshi. Allah ne ya rufa mana asiri ni da shi."

Ya ajiye igiyar.

"Ni ina lissafin wanda zai shigo daga waje, Baba yana lissafin wanda ke cikin gida. Da a Kucheri ne, sai na ratsa tsakar gida na durƙusa gaban uwata ta ce mi zan harbi. Ke gaya mini, da wane baki zan ce mata mutum?"